Takarda a hannu, magani a kulle: yadda na koyi karɓo wa Inna mofin a Kaduna

Ranar wata Alhamis da la'asar sakaliya likita ya miƙo min takardar. Inna na zaune a kan benci a barandar wani ƙaramin asibitin kuɗi, ta dafe ƙugu da hannu biyu. Ba ta kuka, ba halinta ba ne, leɓenta na ƙasa kawai take cizawa. Ciwon dajin mama ne, kuma a lokacin ya riga ya gangara ƙashin bayanta. Likitan ya ce ƙwayoyin da muke ba ta sun yi iya yinsu, yanzu sai mofin, maganin kashe azaba mai ƙarfi, su kuma ba sa ajiye shi, in nema a waje. Na ninke takardar na jefa a jaka, a raina magana ta ƙare. Kuɗi na hannuna, shagunan magani kuwa tsakanin Tudun Wada da titin Ahmadu Bello ba sa ƙirguwa.

Shago biyar na shiga kafin a kira isha'i. Mai kemis ɗin layinmu, wanda ya san mu shekara da shekaru, ko karɓar takardar bai yi ba, ya ce, "Malama, wannan ya fi ƙarfina." Wurare biyu suka ce ba sa kawowa. A na huɗu wani matashi ya dube ni sama da ƙasa kamar wadda ta zo neman abin maye, kallon da har yau in na tuna sai raina ya sosu. A na biyar ne na tarar da wata dattijuwa mai harhaɗa magunguna tana shirin tashi. Ta sa tabarau ta karanta, ta jawo min kujera, ta ce, "Zauna, 'yata. Ba ni da shi. Amma ko da ina da shi, da wannan takardar ba zan iya ba ki ba." Ta juyo da ita wajena tana nuna min da bayan biro: babu shekarun mara lafiya, babu adireshi, babu jimillar abin da za a bayar, babu hatimi, sunan likitan kuma wani zane ne da ba ya karantuwa.

Daren nan Inna ba ta runtsa ba, ni ma haka. Sai ranar Litinin maganin ya shiga bakinta. Kwana huɗu tana murƙususu a kan abin da yini guda ya isa, da na san hanya. Wata goma sha ɗaya na yi ina karɓo mata bayan nan, kuma abin da na koya a tsakani ne nake so in ajiye wa duk wanda jinya irin wannan ta faɗo wa.

Ku fara cire wa ranku cewa duk wanda ya hana ku mugu ne. Akwai masu wulakanci, na gamu da su, amma kullewar kanta doka ce. Mofin, fetidin, fentazosin, tiramadol da kodin aikinsu iri ɗaya ne: suna kashe azaba mai tsanani, suna kuma kama mutum idan ya sha ba a kan ƙa'ida ba. Tun 1961 akwai yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya a kan irin su mofin, wadda ta sa kowace ƙasa take faɗin abin da take bukata duk shekara, ta kuma ba da lissafin inda ya tafi. Shi ya sa mofin ba kaya ba ne da ɗan kasuwa zai yi oda ya jera a kanta. Ta hannun Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya yake shigowa, NAFDAC na sa ido, kuma shekaru da dama rumbun magunguna na gwamnati da ke Oshodi a Legas ne ma'ajiyarsa. Asibitin da ke so sai ya nema da takardu, ya nuna yadda ya yi da wanda aka ba shi a baya.

Sannan mu nan Arewa mun san abin da ya faru da 'ya'yanmu. A watan Mayun 2018 gwamnatin tarayya ta haramta yi da shigo da maganin tari mai kodin, bayan wani binciken BBC da ya tona yadda ake fitar da shi ta bayan fage. Binciken shaye-shaye na ƙasa na wannan shekarar, wanda Hukumar Ƙididdiga ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya, ya ƙiyasta mutum miliyan 14.3 ne ke ta'ammali da ƙwayoyi, miliyan 4.6 daga cikinsu kuma irin waɗannan magungunan na kashe zafi suke sha ba da izinin likita ba. Ba sai an kawo min alƙaluma ba ma. Akwai yaro a layinmu da na koyar a aji huɗu, na gan shi yana farfaɗiya a bakin kwata saboda tiramol. To mai famasin da ke gabanku lasisinsa ne a kan siraɗi. Duk mililita ɗaya da ta fita daga akwatinsa sai ya rubuta ta, kuma za a iya zuwa a buɗe littafin a auna kwalba. Wake ɗaya ya ɓata gari, masu ciwon gaskiya suka kwana a ciki. Wannan ya dame ni ƙwarai, har yanzu yana damuna, amma faɗa da mai kanta bai taɓa ba ni magani ba.

Abin da ya ba ni shi ne takarda mai kyau, kuma wurin gyara ta ɗaya ne: ɗakin likita, kafin ku tashi daga kujera. Kada kunya ta hana ku karantawa a gabansa. Ni cewa nake yi, "Likita, ka yi haƙuri in duba, an taɓa dawo da ni." Ba wanda ya taɓa jin haushi. A duba cikakken sunan mara lafiya yadda yake a katinsa na asibiti, ba Hajiya wance kawai ba, da shekarunsa, da adireshi, da lambar kati, da kwanan wata. A duba sunan maganin, ku roƙa a rubuta shi da manyan baƙaƙe. A takarda za ku ga morphine ko tramadol da rubutun Turanci, to kowane harafi ya fito. A duba ƙarfinsa, da nau'insa, na ruwa ne ko ƙwaya ko allura, nawa za a sha, bayan awa nawa, na kwana nawa. Sai jimilla, wadda ita aka fi mantawa. Ku roƙa a rubuta ta da lamba a kuma rubuta da kalmomi, kamar yadda ake yi a cekin banki, domin sifiri ɗaya ake ƙarawa 10 ta koma 100, kuma masu famasi sun sha ganin haka. A ƙasa sunan likitan a bayyane, sa hannunsa, lambar rajistarsa ta hukumar likitoci ta MDCN, da hatimin asibiti. Idan ya yarda ya sa lambar waya, kun huta, don sau da yawa mai famasi zai so ya kira ya tabbatar.

Idan likita ya yi kuskure ya soke, ya sa hannu a gefen gyaran, ko ma ya sake sabuwa. Ku kuwa kada bironku ya taɓa takardar nan ko da ɗigo. Wani ɗan'uwanmu ya taɓa cike gurbin shekaru da hannunsa don taimako, tawadar ta bambanta, aka ƙi takardar gaba ɗaya, kuma ban ga laifinsu ba. Maganin da ke ƙarƙashin kulle ya zama shi kaɗai a takardarsa, sauran magunguna a wata, domin in an ba ku za a riƙe ta a ajiye. Don haka ku ɗauke ta a waya kafin ku miƙa.

Tambaya ta ƙarshe kafin ku fita daga ɗakin, wadda ban yi ba ranar Alhamis ɗin nan: "Likita, a ina ake samu?" Idan bai sani ba, ya tura ku asibitin da ke da shi da takardar turawa.

Ga yadda wuraren suke. Kemis na unguwa lasisinsa na ƙananan magunguna ne, doka ba ta ba shi damar sayar da maganin da sai da takardar likita ba, balle wannan. In ya ce muku yana da shi, wannan ma abin tsoro ne. Famasi mai rajista da hukumar masu harhaɗa magunguna ta PCN, wanda za ku ga lasisi a rataye a bango da alamar koren kuros a waje, za a iya samun tiramadol a wurinsa, amma da yawansu ba sa ajiye mofin sam. Mofin na ruwa galibi a famasin manyan asibitoci ake samu, inda ake kula da masu ciwon daji, wani lokaci a can ake haɗa shi daga gari. A yankinmu wuraren da ya kamata a fara tambaya su ne asibitocin koyarwa, na Barau Dikko a cikin gari da na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika, bayan Zariya. Ku sa a ranku cewa babban asibiti yakan so ya ga mara lafiya da idonsa, a buɗe masa kati, likitansu ya rubuta. Ku tambayi sashen da ke kula da rage raɗaɗi ga masu doguwar jinya. In kun samu wurin da ya karɓe ku, ku lizimce shi. Likita ɗaya, famasi ɗaya. Yawo da takardu daga likitoci daban-daban shi ne babban abin da ke sa a fara zargin mutum.

Ranar karɓa a tafi da safe. Makullin akwatin a hannun mutum ɗaya yake, in ya tashi kuwa sai gobe. A riƙe katin asibiti, da katin shaidar mai karɓa, na ɗan ƙasa ya isa, da tsohuwar kwalba. Za a rubuta sunan mara lafiya da na mai karɓa a wani dogon littafi, a sa hannu. Mutum ɗaya ya riƙa zuwa in da hali. Bayan zuwa na uku, da na doso taga sai in ji, "Malama, yaya jikin Hajiya?" Sanayya irin wannan ta fi kowace takardar roƙo. Wata rana da kayansu ya kusa ƙarewa, su suka gaya min tun da wuri in shirya.

Yanzu lissafin kwanaki, wanda a nan mafi yawanmu muke faɗuwa. Takardar irin wannan magani sau ɗaya take aiki, ba a komawa da ita a ce a ƙara. Kowane karɓa sai sabon ganin likita. In kun zo da wuri sosai za a tambaye ku ina na baya ya tafi. In kun bari ya ƙare, mara lafiya ya shiga uku, domin bayan azabar da za ta dawo, jikin da ya saba da mofin in aka yanke masa farat ɗaya sai gumi, da gudawa, da ciwon gaɓoɓi, da rashin natsuwa. Inna a farko mililita 5 take sha duk bayan awa huɗu: shida na safe, goma, biyu, shida na yamma, goma na dare, da biyun dare da ƙararrawar waya ke tashe ni. Sau shida ke nan, mililita 30 a yini, 420 a mako biyu. Likita yakan rubuta 500 saboda ƙarin da ya yarda a ba ta idan zafi ya taso a tsakani. Na sayi littafi mai fallaye arba'in irin na 'yan firamare, na ja layi huɗu: rana, lokaci, nawa ta sha, nawa ya rage. Duk ranar da ragowar ta sauko ta kwana biyar, na fara shiri.

Ku dubi kalanda da idon mutumin Kaduna. Tun Disambar 2021 da gwamnatin jiha ta mayar da aikin ofis kwana huɗu, Juma'a ta zama ranar da ba a dogara da ita. Asibiti ba ya rufewa, amma likitan da ya san ku ba kullum yake zama ba, kowane sashe da ranarsa. Ga hutun salla, ga yajin aiki da kan faɗo ba sallama. Kwalbar da za ta ƙare ranar Asabar, ku ɗauka ranar Talata take ƙarewa. In salla ta gabato ku gaya wa likita tun zuwan da ya gabata, ya san yadda zai yi lissafinsa. Littafin nan kuma ku tafi da shi. Ranar da zafin Inna ya ƙaru maganin ya ƙare kwana uku kafin lokaci, shi na buɗe wa likita da mai famasi. Suka bi layi-layi, ba wanda ya ƙara tambayata komai, aka ƙara mata awo.

Akwai abin da ya kusa rutsawa da ni, shi ya sa zan tsaya a kansa. Mofin na ruwa ba ƙarfi ɗaya ba ne. Wata kwalbar miligiram 5 ne a cikin mililita 5, wata kuma ta ninka haka sau goma. Ranar da aka ƙara wa Inna, an sauya mata zuwa mai ƙarfin, ruwan da za ta sha ya ragu ya koma ɗan kaɗan a gindin sirinji. An yi min bayani a taga, amma ƙanwata da ta karɓe ni kwanan dare ba ta ji ba. Na shigo ɗaki na tarar ta zuƙo sirinji har alamar 5 kamar yadda ta saba. Allah ne ya kawo ni. Daga ranar, kowace sabuwar kwalba sai na sa mai famasi ya nuna min da sirinji a hannunsa inda zan tsaya, in ja layi da jan biro a wurin, in tara duk masu jinya in nuna musu. Kada a auna da cokalin shayi. A duba ranar lalacewa a jikin kwalba, domin wanda aka haɗa a asibiti ba ya daɗewa kamar na kamfani.

A gida, maganin ya zauna a kulle. Nawa a cikin akwatin ƙarfe na Inna yake, makulli a ɗaure a bakin zanena. Gidanmu gidan yawa ne, yara na shiga ko'ina, kurɓa ɗaya kuma tana iya kashe yaro. Manya ma za su roƙa. Wata gwaggonmu mai ciwon gwiwa ta ce in ɗan sam mata tunda ta ga yana wa Inna aiki. Na ce, "Gwaggo, ki gafarce ni, wannan a ƙirge yake, sa hannuna ke kansa." Ta yi fushi na kwana biyu, ta huce. Ku roƙi likita maganin sassauta ciki tun ranar farko, don mofin yana ɗaure ciki kusan ga kowa. Kada a haɗa shi da maganin barci irin su diyazefam sai da sanin likita. In kuka ga barci ya yi nauyi har ba a iya tashin mutum, numfashi ya ja baya, ƙwayar ido ta ƙanƙance kamar kan allura, a dakatar, a garzaya asibiti da kwalbar a hannu. Akwai allurar da ke warware shi, naloksan.

A cikin kwana huɗun nan na farko wani ya ja ni gefe a bakin kasuwa, ya ce zai samo min tiramol mai ƙarfi, ba takarda ba tambaya. Wallahi na tsaya na yi tunani, don wanda bai kwana da nishin uwarsa a kunne ba ba zai gane ba. Abin da ya kamata ku sani shi ne, tiramadol ɗin da NAFDAC ta amince da shi mai miligiram 50 ne da mai 100. Mai 200, 225 ko 250 da ke yawo a hannun 'yan talla haramtacce ne, shi jami'an NDLEA ke kamawa kwantena-kwantena, ba wanda ya san abin da ke cikinsa, kuma yawansa na jawo farfaɗiya. Haka allurar fentazosin, wadda ake ce wa fenta. Iyayen masu sikila su fi kowa kiyayewa da ita. Yaro ya samu sauƙi da ita a asibiti, sai a fara kiran mai allura gida, daga nan ya koyi yi wa kansa. Ƙarshenta gyambon da ba ya warkewa da naman cinya da ya sandare kamar itace. Kuma ga wanda ke kan mofin, fenta tana iya karya aikinsa ta tayar masa da ciwo.

Sai maganar dangi. Da Kawu ya ji sunan maganin, har gida ya zo. "Ke yanzu yayar tawa za ki mayar 'yar ƙwaya? Wannan ai sai wanda aka cire rai da shi ake ba." Ban yi musu da shi ba. Na ce, "Kawu, don Allah ka raka mu asibiti ranar Talata." Likitan ya yi masa bayani a tsanake: wanda ke sha don azabar da ke jikinsa, a kan awo da lokaci, daban yake da mai neman maye. Ƙarin awo in ciwo ya ƙaru ba alamar jaraba ba ce. Abin da ya gamsar da Kawu dai ba maganar likita ba ce. Sati biyu bayan nan ya shigo ya tarar da Inna a zaune a kan darduma tana lazimi, ta ci tuwo, har tana yi wa jikokinta faɗa a kan sun bar ƙofa a buɗe. Ta halarci sunan jikarta a Rigasa a cikin watannin nan, a zaune daram, ta karɓi jaririya a hannu.

In tafiya ta kama, ko Zariya ce ko Abuja, maganin ya kasance a kwalbarsa ta asali mai sunan mara lafiya, da kwafin takardar likita a tare, don akwai shingayen bincike a hanya. Kada a juye shi a gorar ruwa. Mai niyyar Umara ko Hajji ya nemi wasiƙar likita tun da wuri ya kuma tambayi ƙa'idar shiga da shi, hukumomin Saudiyya ba sa wasa da wannan.

Inna ta rasu da asubahin wata Laraba, a ɗakinta, ba ta cikin azaba. Bayan addu'ar bakwai na buɗe akwatin ƙarfen na tarar da ragowar kwalba. Ba a zubar da shi a kwata, ba a ajiye shi don wata rana, ba a ba maƙwabci mai irin ciwon. Inda aka karɓo ake mayarwa. Na sa a jaka tare da littafin na hau mota. Da na isa taga, mai famasin ya fara, "Malama, yaya jikin..." sai ya ga fuskata ya yi shiru. Ya karɓi kwalbar ya auna, ya dubi layin ƙarshe na littafina, lissafi ya yi daidai. Ya jawo dogon littafin ya rubuta, ya juyo min da shi. Ya ce, "Allah ya jiƙan Hajiya, ya sa ciwon ya zama kaffara." Na ce amin, na sa hannu a ƙarƙashin sunanta.